Ƙarewa, Gamawa da Kammalawa: Kalmomin Ƙarshe a Bakin Bature da Bakin Bahaushe

Duk wanda ya zauna a Dutsin-Ma tun daga 2011, shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin, ya saba da ganin samari da 'yan mata sanye da fararen riguna, abokansu suna bi suna rattaba musu hannu a baya da kafaɗa, domin sun fito daga jarrabawar da ba wata a bayanta. In ka tambaye su abin da ake ciki, sai su ce maka sun rubuta fainal, yau kuma suke sayin-aut. A cikin makon nan guda, a wata unguwa ta garin, ko a Kurfi, ko a Kutawa, ana iya tarar da yaro zaune gaban malaminsa, rungume da allo mai zayyana, dangi sun kewaye shi, ana cewa ya yi sauka. A sakatariya kuwa ga dattijo yana tattara takardunsa, shekara 35 ta cika yana aikin gwamnati, za shi ritaya. Kowannensu ya zo ƙarshen wani al'amari da ya ci masa shekaru, amma ba wanda zai yarda a ara masa kalmar ɗan'uwansa, domin mai sauka bai yi ritaya daga Alƙur'ani ba, dattijon nan kuma ba a ce ya sauke aiki.

Dalilin da ya sa na ga ya kamata a tsaya a dubi waɗannan kalmomi, musamman na Ingilishi waɗanda suka shigo mana ta ƙofar makarantar boko da ofis da filin ƙwallo da kantin magani, shi ne kalmar da mutum ya zaɓa don ambaton ƙarshen abu hukunci ce ya yanke a kan abin, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ya ce hatsi ya ƙare, labarin rashi ya bayar; wanda ya ce an gama aiki ya sanar da mu an ajiye kayan aiki; wanda ya ce an kammala shi ya yi shaidar cewa ba sauran naƙasa; wanda kuwa ya ce an daina, ya bar mu cikin shakka, ko buƙata ce ta biya, ko ƙarfi ne ya gaza. Harshen da ya tara irin waɗannan kalmomi bai tara su don ado ba, sai don masu shi sun daɗe suna lura da cewa al'amura ba hanya guda suke bi su ƙare ba.

Turancin Ingilishi ba daga tushe guda ya tsiro ba. A ƙarni na 5 na Miladiyya wasu ƙabilu da ake kira Angal da Sakson suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus ta yau da kudancin Denmak, suka zauna a tsibirin Birtaniya, kuma daga bakinsu aka gaji kalmar “end”, wadda ita ce uwar kalmomin ƙarshe a wannan harshe, gajera, marar ado, yaro da tsoho kowa na faɗinta, har yau kuwa Jamusawa suna da 'yar'uwarta. Sa'an nan a shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin Nomandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har wajen shekara 300, alhali Latin, wato harshen Rumawan dā, yana nan a matsayinsa na harshen coci da na littafi, kamar yadda Larabci yake a Katsina tun kafin zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne “finish” da “close” da “complete” da “conclude” da “terminate” suka shigo suka zauna kusa da “end”, ba su kore ta ba, ita ma ba ta kore su ba, sai dai aka yi rabon aiki: ta gado ta riƙe zancen gida da na kasuwa, ta Faransanci ta riƙe sana'a da mu'amala, ta Latin ta haye kujerar alƙali da ta marubucin gwamnati. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan tsari ba, domin shi ma ƙare da gama gadonsa ne, kammala da hatimi malamai suka kawo masa, ritaya da fainal kuwa sai bayan zuwan Turawa suka shigo.

Kalmar Latin da ta haifi “finish” da “final” ita ce “finis”, ma'anarta kuwa iyaka, irin iyakar da ke raba gona da gona ko ƙasa da ƙasa. Manomin Kutawa wanda ya dasa gamba ko aguwa a gefen gonarsa, don kada shekaru su shuɗe maƙwabci ya ci masa iyaka har magana ta kai gaban mai gari, ya riga ya fahimci asalin kalmar fiye da ɗalibin da ya haddace ta, domin shi ma in ya ƙare bayani cewa yake yi iyakar abin da ya sani ke nan, in ya yi bakin ƙoƙarinsa ya ce ya yi iyakacin yinsa, in kuma yana zancen rahamar Ubangiji ya ce ba ta da iyaka. Daga wannan tushe ne wasu kalmomi biyu suka fito waɗanda mai jin Turanci ba ya zaton suna da dangantaka da ƙarshe. Ta farko ita ce “fine”, wato tarar da kotu take ci, domin a shari'ar Ingila ta dā kuɗin da aka biya shi ne abin da yake kashe husuma, kowa ya kama gabansa. Ta biyu ita ce “finance”, wadda ma'aikatanmu suke kiran Ma'aikatar Kuɗi da ita, asalinta kuwa biyan bashi ne, wato sauke nauyin da ke tsakanin mai bi da wanda ake bi. Sunan da aka raɗa wa harkar kuɗi dukanta, ashe, daga ranar biya aka ɗauko shi, ba daga ranar cin bashi ba, kuma ina ganin wannan abin tunawa ne ga duk wanda aka damƙa wa baitulmali.

Rumawa suna da wata kalmar ta iyaka, wato “terminus”, sunan dutsen da ake kafawa a kan iyakar gona, wanda a jahiliyyarsu har suka mai da shi abin bauta, suna yi masa biki ranar 23 ga Fabrairu, maƙwabta biyu su haɗu a gindinsa kowa daga ɓangarensa. Wannan kalma ce aka ba tashar da layin dogo yake tuƙewa, shi ya sa har yau ake kiran tsakiyar kasuwancin birnin Jos da sunan Taminus. Ita ce kuma ta haifi “term”, wadda 'yan makaranta suke cewa tam, da “terminate”, wadda take zuwa a takardar korar ma'aikaci. A nan nake ganin waɗanda suka fassara mana tsarin makaranta sun yi basira ƙwarai, da suka ce zangon karatu. Zango shi ne inda ayarin fatake yake sauke kaya ya kwana a kan hanyar Gwanja ta neman goro, kafin madugu ya ba da umarnin tashi da asuba, kuma saboda yawan sauka da zaman Hausawa a irin waɗannan wurare ne ake kiran unguwannin baƙi a Kumasi da sauran biranen Gana da wannan suna. Wanda ya ce tam ya ga shekarar karatu a matsayin fili da aka yanka kashi uku; wanda ya ce zango ya ga tafiya, ya kuma sanar da yaro cewa hutu ba isowa ba ne. Haka nan inda Bature ya kafa wa ma'aikaci dutsen iyaka, Bahaushe yakan ce an sallame shi, da lafazin da ake fita daga salla da shi, wanda ake yi wa baƙo da majinyacin da ya warke. In kuwa abin ya zo da wulaƙanci, ba ya ɓoyewa, sai ya ce an kore shi.

“Close” da “conclude” ba su buƙatar dogon bayani, domin dukansu daga kalmar Latin mai ma'anar rufe ƙofa suke, mu ma kuwa muna rufe taro da addu'a, muna rufe tafsiri a goman ƙarshe na azumi. Sai dai inda Bature yake duban ƙofar da aka kulle, mu sau da yawa mutanen muke duba: an tashi daga makaranta, an tashi daga ofis, kasuwa ta watse, ruwa ya ɗauke.

Inda ya kamata a daɗe shi ne kan “complete”, domin nan ne Latin da Hausa da Larabci suka haɗu a kan ma'ana guda. Asalin kalmar a Latin cika abu ne har ya kai baki, kuma Bahaushe ma yana cewa alkawari ya cika, wata ya cika, shekara ta cika. Amma da malamai suka kawo mana kamala daga Larabci, wadda muka sarrafa ta muka sami kammala da kamili, sai suka zo mana da wani bambanci mai zurfi wanda malaman lugga suka daɗe suna tattaunawa, wato bambancin kamala da tamamu. Abu Hilalil Askari, wanda ya rayu a ƙarni na 4 na Hijira, ya bayyana a littafinsa Al-Furuƙ cewa tamamu yana nuni ga yankin ƙarshe wanda da shi abu yake cika, kamar ƙafiya ga baitin waƙa, kamala kuwa haɗuwar sassan abu ce gaba ɗaya. Masu tafsiri kuma sun lura cewa ayar Suratul Ma'ida da ta sauka ranar Arfa a Hajjin Ban-kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, ta zo da tushen kalmomin biyu a jere, ta jingina kamala ga addini, ta jingina tamamu ga ni'ima. Wannan bambanci bai tsaya a zauren malamai ba, ya sauko cikin zancen talakawa da wata siga: magini yana iya cewa ya gama gini ranar da ya aza bulo na ƙarshe, amma mai gida ba zai ce an kammala ba sai an yi rufi, an sa ƙofa da taga, an yi shafe, iyali sun tare.

Mutanen wannan yanki sun ga misalin haka da idonsu. A shekarar 1983 aka gama gina madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma, da niyyar a sami ruwan sha da na noman rani. Ruwa ya taru, masunta suka samu, amma aikin tace ruwan da tura shi ta bututu zuwa Katsina bai kai ga buɗewa ba sai a watan Yulin 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da shi, wato shekara 38 tsakani, magudanan noman rani kuwa sun daɗe manoma suna jiransu. Wanda ya rubuta a 1983 cewa an gama madatsa bai yi ƙarya ba. Wanda ya rubuta cewa an kammala aikin Zobe ya faɗi abin da bai tabbata ba tukuna. Turanci kansa ya san wannan rarrabewa, domin ɗan kwangila takardar “completion” yake nema kafin a biya shi cikon kuɗinsa, ba ta “finishing” ba, ita wannan ta biyu a bakin magina ma'anarta shafe da fenti ce kawai. Da a ce kowane ɗan majalisa da kowane mai unguwa yana tambaya, duk sa'ad da aka zo buɗe asibiti ko makaranta, shin gamawa aka yi ko kammalawa, da gine-ginen da ke tsaye ba likita ba malami sun ragu a ƙauyukanmu.

Game da ƙarshen karatu kuwa, nan ne kowane harshe ya fi nuna abin da yake zato game da ilimi. Almajirin allo, kamar yadda kowa ya sani, daga ƙarshen Mus'hafi yake farawa: bayan Fatiha sai Nasi, sai Falaƙi, yana hawa sura bayan sura, izu bayan izu, har ya cika izu sittin a Baƙara, sa'an nan a ce ya sauka, kamar matafiyin da ya iso masauki. Ranar walima kuwa abin da ake rubuta masa a allon zayyana shi ne Fatiha da farkon Baƙara, ya karanta a gaban jama'a, domin a nuna cewa daga inda ya sauka daga nan zai tashi. Gabansa akwai tilawa da hadda da rubutu in yana neman zama alaramma ko gwani, akwai kuma Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala in ya nufi makarantar ilimi. Turawa ma ba su jahilci wannan ba. Kalmar “graduate” daga “gradus” take, wato matakin tsani, kuma daga nan ne digiri ya samo sunansa, don haka mai digiri a asalin lafazi mutum ne da ya taka mataki guda. “Convocation” ma'anarta kiran jama'a su taru. A Amurka kuwa sunan da suke ba bikin shi ne “commencement”, wato farawa. Amma a ganina babu wadda ta kai kalmar da Hausa ta zaɓa, da ta ce bikin yaye ɗalibai, domin yaye raba yaro ne da nono bayan ya yi ƙwarin da zai ci abincin manya, akwai kuka a cikinsa, akwai kuma alheri, kuma ba uwar da take yaye ɗanta don ta rabu da shi. Abin da yake damuna da sayin-aut shi ne, kalma ce ta littafin maigadi da na ofis, inda mai fita yake sa hannu don a san ba ya ciki. Ina fata malaman Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'a, waɗanda suke yaye masu karantar da 'ya'yanmu, za su riƙa tuna wa ɗalibai cewa ba irin wannan fita ake yi daga ilimi ba.

Marubutanmu na dā suna da ladabin rufe littafi wanda ya cancanci a san shi. Mai kwafe littafi da hannu, in ya kai ƙarshe, yakan ƙuntata layuka har su tsuke, ya rubuta tammat, ya yi hamdala da salati, ya ambaci sunansa ko na mai littafin, ya roƙi gafara ga kansa da mahaifansa da malamansa; in ya ciro maganar wani malami a tsakiyar bayani, yakan sa alamar intaha a inda maganar ta tsaya, don kada a jingina wa malamin abin da bai faɗa ba, wanda kuwa amana ce babba. Mawallafan waƙoƙin jihadi, irin su Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in aka lissafa adadin haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Masu ɗab'i a Ingila sun daɗe suna buga “Finis” a shafin ƙarshe kafin su koma ga “The End”, wadda sinima ta yaɗa a duniya. Amma marubutan littattafan Hausa na zamani, har da masu sakin labari a waya, da yawansu har yanzu da tammat ko da hamdala suke rufewa. Wasiƙa tana ƙarewa da haza wasalam, fatawa da Allah ne mafi sani, tatsuniya kuma da ƙurunƙus, kalmar da kaka take yanke zaren ƙarya da ita ta mai da yara duniyar gaskiya kafin su yi barci.

Ritaya daga Faransanci Turanci ya aro ta, ma'anarta ja da baya, kuma sojoji suna daga cikin waɗanda suka fara amfani da ita ga rundunar da ta janye daga fage. A aikin gwamnati a Nijeriya ƙa'idar da aka fi sani ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa, daga nan sai jiran fansho da garatuti. Kafin zuwan Turawa ba mu san ƙarshen aiki irin wannan na lissafin kalanda ba: manomi da maƙeri da malami suna aiki har ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya su karɓa, sarauta kuwa ko rasuwa ta raba, ko murabus, ko tuɓewa. Tarihi ya kiyaye bambancin biyun nan na ƙarshe, domin Sarkin Katsina Yero tuɓe shi Turawa suka yi a 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya kuwa a 1963 cewa aka yi ya yi murabus, ko da yake matsin gwamnatin Jihar Arewa ne ya kai shi ga haka, aka zaɓi lafazin da zai tsare masa mutunci.

Wata baƙuwar da ta zama 'yar gida ita ce “expire”, wadda ake bugawa a jikin kwalin magani da gwangwanin madara, mutane kuma suke cewa abu ya yi esfaya. Asalinta fitar numfashi ne, numfashin ƙarshe, saboda haka a tsohon Turanci mutum ne yake yin ta kafin a ara wa lasin da fasfo da magani. Wannan ya kawo mu ga ƙarshen da ya fi kowane nauyi, inda harsuna duka suke sassauta murya. Bature yana da “die”, amma a takardar gado da ta kotu “deceased” yake rubutawa, daga kalmar Latin mai ma'anar tafiya. Mu kuwa mukan ce ya rasu, wato an rasa shi. Ya cika, wato kwanansa ya kai adadi. Ya riga mu gidan gaskiya. Ga annabawa da manyan malamai mu ce ya yi wafati, daga tushen Larabci na cika alkawari da karɓar abu cikakke. Ita kanta lahira ma'anarta ta ƙarshe, kuma saboda ita ne addu'ar da dattawa suka fi yawaitawa take neman kyakkyawan ƙarshe da cikawa da imani. Mai karanta labarai da ya ce wani dattijo ya mutu bai saɓa wa nahawu ba, amma ya saɓa wa ladabi, kuma iyalan mamacin suna jin haka a ransu.

Akwai kalma guda da ɗalibai da 'yan kwangila da masu neman aiki ta intanet suke firgita da ita, wato “deadline”, kuma tarihinta ya cancanci firgitar. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, a kurkukun fursunonin yaƙi irin na Andasonbil da ke jihar Jojiya, akan ja layi daga cikin shinge, duk fursunan da ya ƙetare shi masu gadi su harbe shi. Daga baya ne gidajen jaridun Amurka suka ari sunan layin suka ba sa'ar da in ta wuce ba a karɓar labari. Hausa ba ta buƙaci aron wannan ba, domin tana da wa'adi, daga kalmar Larabci ta alkawari, tana kuma da ajali ga bashi da ga rai. Wa'adi yana ɗaure mutum biyu, mai bayarwa da mai karɓa, don haka hukumar da ta sa wa talaka wa'adin biyan kuɗin makaranta ita ma wa'adin biyan albashi da fansho yana kanta.

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan maƙala shi ne wata jimla da ta mamaye rediyo da jarida da shafukan labarai, wato “kawo ƙarshen” abu. Tun daga 1939, da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, da 1957, da BBC ta buɗe sashen Hausa, masu fassara suke ɗawainiyar juya labarin duniya zuwa harshenmu cikin ƙurarren lokaci, kuma sun yi mana hidimar da ba za mu iya biya ba. Sai dai gaggawa takan sa a riƙe lafazi guda a yi ta aiki da shi, har ya zama yaƙi da yajin aiki da taro da azumi da annoba duka kawo ƙarshensu ake yi, alhali yaƙi akan ci shi ko a yi sulhu, taro akan tashi, azumi akan sha ruwa, annoba kuma takan lafa ko ta kau. Wannan ba ƙorafin masu son ƙawa ba ne. A shekarar 2022, da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗaliban Dutsin-Ma suna cikin waɗanda suka zauna a gida wata takwas, kuma abin da ƙungiyar ta sanar a ƙarshe shi ne ta dakatar da yajin, ba ta ce buƙatunta sun biya ba. Uban da aka gaya wa an kawo ƙarshen yaji ya ji labarin da ya fi gaskiya daɗi.

Lamarin ya fi tsanani a zancen tsaro, wanda ya addabi Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa shekara da shekaru. Hausa tana da lafazi ga kowane hali: hare-hare sun lafa, an tsagaita wuta, ɓarayin daji sun ja da baya, an yi zaman sulhu, an sako waɗanda aka kama, ko kuwa fitina ta ƙare ƙurmus, wanda shi ne abin da muke roƙon Allah. Kowanne daga cikin waɗannan yana gaya wa mai sauraro abin da zai yi gobe da safe. Manomin Kutawa wanda gonarsa take nesa da gari, wanda zai yanke shawara kafin ruwan shuka ko ya kai iri da taki can ko ya haƙura da 'yar ta bayan gida, da mai motar da zai ɗauki fasinja bayan magariba, da matar da take tunanin mai da 'ya'yanta ƙauyen da suka baro, duk da kalmar da suka ji a rediyo suke lissafi. Saboda haka haƙƙinsu ne a kan mai fassara da kakakin hukuma a gaya musu ko lafawa aka samu, ko tsagaitawa, ko sulhu, da wa aka yi shi, kuma zuwa wane wa'adi.